Ƙudajen Da Suka Kusa Cinye Mana Kuɗin Jarrabawa

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, saboda 'yan'uwa da suka ce rashin sabis ba ya barin su su saurari murya. Mun rubuta shi kamar yadda aka faɗe shi.

Ina yi muku sallama daga nan Kakangi, ƙaramar hukumar Birnin Gwari. In kun ji cara ta zakara ko ƙarar babur a bayana ku yi haƙuri, a tsakar gida nake zaune, kusa da tukwanen da zan yi magana a kansu.

Makon jiya wata baiwar Allah ta aiko mana da saƙo daga Funtuwa. Ta ce: “Malam, na shuka rozmari a roba, yanzu wasu ƙananan ƙudaje baƙaƙe sun cika shi, da na taɓa robar sai su tashi. Ganyen kuma yana ta bushewa, alhali kullum ina ba shi ruwa safe da yamma. Wane magani zan fesa?” Da na karanta sai da na yi dariya. Hajiya, ki gafarce ni, kaina nake yi wa dariyar, don na sha wannan ruwan kafin ke. Kuma amsarki tana cikin tambayarki, a nan inda kika ce safe da yamma. Bari in ba ku labarin yadda ta kasance da ni, daga nan sai mu zo kan magani.

Ga wanda bai san shi ba, rozmari ɗan tsiro ne mai siraran ganye kamar allura, mai ƙamshi mai ƙarfi. Masu sayar da maganin Musulunci suna ce masa iklilul jabal, wato kambin dutse. Danginsu ɗaya da ɗoɗɗoya da na'a-na'a. Ana sa shi a shayi, ana sa shi a gashin nama da kifi, mata kuma suna dafa shi su wanke gashi. Asalinsa daga ƙasashen gaɓar Bahar Rum ne, irin su Maroko da Tunisiya da Sifen da Italiya. A can a jikin duwatsu yake fitowa, cikin ƙasa mai tsakuwa, inda lokacin zafi kan wuce ba a ga wani ruwan kirki ba. Sunan ma daga harshen Latin ya fito, ma'anarsa raɓar teku. To ku riƙe wannan kalma, raɓa. Abin da ya saba da shi ke nan. Mu kuma nan ruwa muke sha tun daga Mayu har Oktoba, in Agusta ta shigo kuwa marka ce, a kwana uku ba a ga rana ba.

Yadda ya shigo gidana kuwa, duk wanda yake wannan yankin ya san shekarun da muka gani. Akwai lokacin da gonarka tana nan, kana hangen hanyarta, amma ba ka isa ka je ba. Ka fita da fartanya ba ka da tabbacin za ka kwana a gida. Ni gonata can gefen daji take, sai da na shekara uku ban sa mata garma ba. Mutum kuma ba zai naɗe hannu ba, ga iyali. Sai muka koma noman tsakar gida, a buhu, a tsohon bokiti, a fasasshiyar tukunya. Tumatir, attaruhu, alayyafo, yakuwa. Maiɗakina kuma tana haɗa kayan shayi tana ƙullawa, citta da kanumfari da na'a-na'a, yara suna kai wa masu shayi.

A 2021 ƙanwata da ke aure a Jos ta aiko mata da ɗan dashen rozmari guda ɗaya a gwangwanin madara. A Jos yana jin daɗi saboda sanyi da tudu. Mu dai muka ce bari mu gwada. Ya kama. Muka koyi yankar reshe muna dasawa, ɗaya ya zama biyar, biyar suka zama 20. Zuwa daminar 2023 muna da tukwane 42. Wata mata mai sayar da furanni a Kaduna ta ga hotonsu a wayar ƙanina, ta ce tana son 30, a ba ta su a watan Oktoba. Muka yi ciniki, har ta ba da kafin alƙalami. Kuɗin nan mun riga mun yi musu wuri: rajistar jarrabawar NECO ta babbar 'yarmu, wadda ke karatu a cikin garin Birnin Gwari wajen gwaggonta.

To kun san halin mutum, da abu ya zama na kuɗi sai ya ƙara masa kulawa. Ni ma haka na yi. Na ce sai sun yi ƙiba kafin Oktoba. Na samo kashin shanu ɗanye, bai gama ruɓewa ba, na labta a kowace tukunya. Ganyen shayin da aka tace, in zuba musu. Ruwan wankin shinkafa, in zuba musu. Ga ruwan sama, ga nawa. Don kar iska ta karya su ma, sai na jera su a lungun bayan ɗaki inda rana ba ta kaiwa sai da azahar, tukunya na gogar tukunya.

Tsakiyar Agusta na fara ganin su. Ƙananan ƙudaje baƙaƙe, ba su kai sauro ba, masu dogayen ƙafafu. Ba sa tashi da nisa. In ka buga tukunya sai su yi sama kaɗan su dawo, wasu ma gudu suke yi a kan ƙasar. Na ce ai ƙwarin damina ne, za su wuce. Bayan sati biyu sai ganye ya fara yin ja-ja daga ƙasa, kan reshe yana langaɓewa. Me manomi zai yi in ya ga shuka ta langaɓe? Ya ƙara ruwa mana. Na ƙara.

Da abin ya ishe ni sai na sayo fiya-fiya. Maiɗakina ta tsaya a bakin lungun ta ce: “Malam, ganyen nan fa a shayi mutane za su sha shi. Har da 'ya'yanmu.” Na ce mata kaɗan zan sa, a guda biyar kawai, mu gani. Na fesa. Wallahi ƙudaje suka zube kamar an karkaɗe su. Na shiga ɗaki ina jin na gama da su. Kwana huɗu, suka dawo yadda suke. Waɗancan biyar ɗin kuma ganyensu ya ƙone, dole muka ware su, ba mu ƙara tsinkar ko ganye ɗaya daga jikinsu ba. An kashe maciji ke nan ba a sare kansa ba.

Akwai wani dattijo a unguwarmu, tsohon malamin gona ne da ya yi ritaya. Ya shigo wata la'asar karɓar ƙullin kayan shayi, ya tarar da ni na yi tagumi. Na ce, “Baba, ƙwari sun gama da ni.” Bai ce komai ba. Ya durƙusa, ya cusa ɗan yatsa cikin tukunya, ya zaro shi jiƙe sharkaf da taɓo. Ya dube ni ya ce, “Kai ɗan nan, shinkafa ka shuka?”

Ya sa na kife tukunya ɗaya a kan buhu. Jama'a, warin da ya taso kamar na kwata. Saiwar da ya kamata a ce fara ce tas, ta koma ruwan ƙasa, ka taɓa ta ta saɓule a hannunka. Ya tona saman ƙasar da tsinke ya nuna mini wasu 'yan tsutsotsi sirara, jikinsu garai-garai kamar ruwa, kansu baƙi ƙirin. Ya ce, “Ga ɓarayinka nan. Masu tashin nan iyaye ne kawai, ba ruwansu da ganyenka, ƙwai suka zo sakawa. Kuma kai ka gayyace su. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.”

Ranar na fahimci abin da nake so ku tafi da shi yau. Ƙudan da kake gani a iska alama ce. Ciwon yana cikin tukunya.

Bari in yi muku bayanin rayuwarsa, don wanda ya san wannan ya sami rabin magani. Abincin wannan ƙwaro fumfuna ne da duk wani abu mai ruɓewa a ƙasa mai laima. Babban ƙudan kamar sati guda yake yi a duniya, amma kafin ta mutu, macen tana iya saka ƙwai sama da 100 a saman jiƙaƙƙiyar ƙasa. Cikin 'yan kwanaki ƙwan ya ƙyanƙyashe. Tsutsar ta yi kamar sati biyu tana ci, a nan sama-sama take zama, ba ta cika wuce zurfin santimita 5 ba. Ta ci fumfuna, ta ci taki, in ta yi yawa ta koma kan ƙananan gashin saiwa, waɗanda da su ne shuka ke shan ruwa. Daga ƙwai zuwa sabon ƙuda, sati uku ne zuwa huɗu, da zafi ma ya fi sauri. Shi ya sa feshi ba ya ƙarar da su. Ka kashe iyaye yau, 'ya'ya na ƙasa suna jiran gobe.

Ga kuma tarkon da ni da Hajiyar Funtuwa muka faɗa. Saiwa tana bukatar iska kamar yadda take bukatar ruwa. In ƙasa ta cika da ruwa kullum, saiwa ta shaƙe, ta fara ruɓewa. Ruɓaɓɓiyar saiwa ba ta iya jan ruwa, don haka sai ganye ya bushe alhali tukunya cike take. Kai kuma ka ga bushewa ka ce ƙishirwa ce, ka ƙara ruwa. Da hannunka kake ƙarasa shi, kana ganin taimako kake yi.

Wani abu don hankalinku ya kwanta: waɗannan ƙudajen ba sa cizo, ba sa sa wa mutum cuta. Kar a haɗa su da baƙin ƙudan bakin rafi mai jawo makanta, wanda iyayenmu na wannan yankin suka sha fama da shi. Wancan a ruwa mai gudu yake haihuwa. Wannan na tukunya ne, shukarka kaɗai yake cutarwa.

To yanzu magani. Zan faɗe shi yadda muka yi shi, bi da bi.

Na farko, a ajiye butar ban ruwa. Wannan shi ne babba, kuma kyauta ne. Kar ki ƙara ba shi ruwa sai kin cusa yatsa har gaɓa ta biyu kin ji a bushe. In akwai sanyin laima, ki bar shi sai gobe. Ƙwai da ƙaramar tsutsa ba sa jure bushewar saman ƙasa, shi kuma rozmari abin da yake so ke nan. In lokacin ban ruwa ya yi, a ba shi sosai har ya fito ta ƙasa, sannan a manta da shi. Da damina ni nakan yi sati ban zuba ba. Da bazara kuwa, lokacin da tukunya ke bushewa da wuri, bayan kwana biyu ko uku. Amma kar ku riƙe lissafin kwana, yatsa za ku riƙa tambaya.

Na biyu, a canza masa wuri. Yana son rana aƙalla awa shida, yana son iska tana ratsa shi. Muka fito da su daga lungu, muka jera su a gefen rumfa ta gabas, inda hantsi ke dukan su amma ruwan sama ba ya sauka a kansu kai tsaye. A nisanta su da indararo. A bar tazarar taƙi guda tsakanin tukunya da tukunya. A ɗora su a kan bulo ko duwatsu don ruwa ya sami hanyar fita. In kina sa faranti a ƙarƙashi, kar ki bar ruwa ya kwana a ciki, don bayan ruɓa saiwa, gidan sauro ne.

Na uku, a duba mazubin. Roba da bokiti suna riƙe ruwa. In da su za a yi, a huda ƙasan da ƙusa mai zafi, huda biyar ko shida, masu faɗi. Amma tukunyar ƙasa ta fi, irin wadda matan Gwari ke ginawa, don jikinta yana tsotse laima yana fitarwa, kamar dai yadda randa ke gumi. A huda gindinta a hankali, a ɗora ɗan tsingaro a kan hudar don kar ƙasa ta toshe ta.

Na huɗu, a kwashe saman ƙasar. Mun kankare kamar faɗin yatsu biyu daga kowace tukunya, da takin da ganyen shayin da komai, muka kai can nesa muka baza a rana. Muka maye gurbin da yashi mai tsakuwa, wankakke, busasshe, irin na bakin rafi. Yashi yana bushewa nan da nan, macen ta sauka ta rasa inda za ta saka ƙwai. Ban da rairayi mai laushi sosai, shi yakan danƙare ya riƙe laima a ƙasansa.

Wadda ta riga ta yi nisa kuma, sai an juye ta gaba ɗaya. A karkaɗe tsohuwar ƙasa, a yanke duk saiwar da ta yi baƙi da almakashi mai tsabta, a rage rassa kaɗan don saiwar da ta rage ta iya ɗaukar nauyinsu. Sabuwar ƙasa kuma ga yadda Baba ya haɗa mana: kwano biyu na yashi, kwano ɗaya na jar ƙasa, kwano ɗaya na takin da ya ruɓe tas har ya zama baƙi, ba ya wari. Kafin a yi amfani da ita a baza ta a kan kwanon rufi ta sha rana kwana biyu ko uku. In kuwa kin ga saiwa ta tafi duka, kar ki ɓata lokaci. Yanki lafiyayyen reshe mai tsawon kamar santimita 10, ki zage ganyen ƙasa, ki soke shi cikin yashi mai ɗan danshi a inuwa. Cikin wata guda zuwa sati shida yakan yi saiwa. Da haka muka ceci iri daga tukwanen da suka mutu.

Na biyar, tarko. Ƙwarin nan suna son launin rawaya. Ba sai kun je neman na kanti ba. Tsohuwar jarkar man gyaɗa mai ruwan ɗorawa, a yanka ta gida-gida kamar tafin hannu, a shafe da basilin gaba da baya, a soke a tsinke a kafa dab da saman ƙasa. Da safe za ki ga sun manne. Bayan kwana uku a goge a sake shafawa. Tarko shi kaɗai ba ya ƙarar da su, amma yana rage masu saka ƙwai, kuma yana gaya miki ko kina cin nasara. Satin farko namu baƙi ƙirin yake kwana. Sati na huɗu sai ka ƙirga biyu ko uku.

In kuma kina so ki san ko tsutsa na nan, yanki dankalin Turawa ɗanye, ki kifa shi a kan ƙasar. Bayan kwana biyu ki ɗaga. In suna nan za ki gan su a jikinsa. Ki jefar da shi can nesa ki sa wani.

Na shida, darbejiya, wato dogon yaro. Allah ya hore mana ita a kowace ƙofar gida. Ƙwallon 'ya'yanta ya fi ganye ƙarfi. A tsince nunannu, a wanke, a shanya a inuwa, a ɓare, a daka. Kamar giram 50, wato cikin hannu biyu, a ruwa lita ɗaya. A jiƙa ya kwana, da safe a tace da ƙyalle. Ranar da ta kama ranar ban ruwa, sai a ba shi wannan maimakon ruwan. Ku lura, maimakon ruwan na ce, kar a mayar da shi dalilin ƙara jiƙa ƙasa. Sinadarin da ke cikinta yana hana tsutsa ci, yana hana ta girma ta zama ƙuda. Ba ya kashewa nan take kamar fiya-fiya, sai an yi haƙuri an maimaita sau uku ko huɗu. A haɗa sabo kowane lokaci don rana tana kashe ƙarfinsa. Kuma don Allah a ajiye shi inda yara ba za su kai ba, don ganin daga itace ya fito ba ya nufin a sha.

Masu zama a manyan birane, wani lokaci ana samun wani magani da ake kira Bti a shagunan kayan noma. Ƙwayar halitta ce ta cikin ƙasa wadda ke kashe tsutsar sauro da ta irin waɗannan ƙudaje, ba ta taɓa mutum ko dabba. Da ita aka yi amfani a kogunan ƙasashe irin su Gana da Mali da Burkina Faso wajen yaƙi da ƙudan makanta. In kin samu, yana aiki. In ba ki samu ba, bushewa da yashi sun wadatar. Mu da su muka warke.

Wasu za su ce toka fa? Baba ya ce ɗan barbaɗe ba laifi, amma kar a tula. Da ta jiƙe ta zama ruwan toka, mai kaifi ne, yana iya ƙona saiwa.

Yanzu kafin wani ya je ya yi duk wannan a banza, akwai wani ƙwaro na biyu mai tashi da ke kama rozmari, kuma hanyarsa daban ce. Shi ne farin ƙuda. Masu noman tumatir da rogo sun san shi sarai, shi ke yaɗa cutar da ke nannaɗe ganyen tumatir da wadda ke sa ganyen rogo dabbare-dabbare. Yadda za ki bambance su ba wuya. Buga tukunya: in baƙaƙe suka taso daga ƙasa, na farko ne. Girgiza reshe: in farare suka tashi daga ganye kamar an hura toka, farin ƙuda ne. Shi ruwan ganye yake tsotsa, ya bar wani danƙo kamar na darɓa, daga baya danƙon ya yi baƙi kamar kunkunniya, ka ga tururuwa na hawa da sauka.

Shi wannan a ganye ake yaƙar sa. A fara da wanke shukar da ruwa mai ɗan ƙarfi, a kwantar da tukunyar a gefe don kar ruwan ya cika ƙasa. Sannan sabulu, ƙaramin cokali ɗaya a ruwa lita ɗaya. Sabulun salo ko sabulun wanka marar turare, ban da garin sabulun wanki, yana ƙona ganye. A fesa da yamma in rana ta yi sanyi, a tabbatar ya taɓa bayan ganye, don can 'ya'yan suke manne. A gwada a reshe ɗaya tukuna a ga yadda zai kwana. A maimaita duk bayan kwana biyar zuwa bakwai, sau uku ko huɗu. Ana iya haɗawa da ruwan darbejiyar nan. Tarkon rawaya ma yana kama su, sai dai a ɗaga shi daidai tsayin ganye. Kuma in kina da tumatir a buhu, ki raba su da rozmari, don daga can yake ƙaura. Bayan feshi a bar shi kamar sati kafin a tsinka, a kuma wanke sosai, in ba haka ba shayinki zai yi ɗacin darbejiya.

Zan koma kan fiya-fiya, don nan ne na fi jin kunyar abin da na yi. Irin waɗannan magungunan guba ne, kuma ganyen rozmari ba a ɓare shi, ba shi da ɓawo, yadda aka tsinke shi haka yake shiga tukunyar shayi. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben maganin ƙwari mai sinadarin dikulobos a kasuwanni da manyan kantuna saboda yadda mutane ke cutuwa da shi. Abin da za ka ci ko ka sayar wa wani ya sha, amana ce. Maiɗakina ta fi ni gaskiya ranar nan, kuma na faɗa mata.

To yaya aka ƙare? Cikin 42, guda 17 sun tafi, har da biyar ɗin da na fesa. Saura 25. Na kira matar Kaduna na gaya mata gaskiyar abin da ya faru, ban ɓoye komai ba. Na ce ko in mayar mata da kuɗinta, ko ta ƙara mini lokaci. Allah ya saka mata da alheri, ta ce ta karɓi 20 a Nuwamba, sauran 10 in sababbin dashe sun yi ƙwari. Muka riƙe biyar na iri. Kuɗin bai cika ba sai da muka sayar da akuya guda, amma yarinya ta yi rajista, ta zauna jarrabawarta. Kuma cikin biyar ɗin da muka riƙe har da uwar, wadda ta zo daga Jos a gwangwanin madara. Ga ta nan kusa da ni, gindinta ya yi kauri kamar babban yatsa.

Tun da aka yi sulhu a ƙarshen 2024, har aka sake buɗe kasuwar kara ta Birnin Gwari, mun fara komawa gona, muna roƙon Allah ya ɗorar da zaman lafiya. Amma tukwanen tsakar gida ban bar su ba, don sun riƙe mu lokacin da ba mu da wani abin riƙo. Har yau kuma in hannuna ya kai kan buta, sai in ji muryar Baba yana tambaya ko shinkafa na shuka, sai in cusa yatsa tukuna.

Don haka Hajiyar Funtuwa, daga yau ki ajiye ruwan nan. Ki fito da shi rana, ki duba hudar robar, ki kwashe saman ƙasa ki sa yashi, ki kafa tarko. Ki ba shi wata guda cur, don sai zagayen rayuwarsu ya ƙare za ki ga sun ɗauke. Ko kin daina ganin su a sati na biyu kar ki koma safe da yamma. In ganyen ya ci gaba da bushewa bayan kwana goma, ki juye ki duba saiwa, ki yanki reshe ki ajiye iri tun da wuri. Sai ki aiko mana da labarin yadda ta kaya.

Sauran masu sauraro, wanda ya gwada wata dabara ta yi masa aiki, ya aiko mana mu ƙaru. Wanda ya san mai shuka a tukunya, ya tura masa wannan. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu yi magana a kan yadda ake shanya na'a-na'a da rozmari ba tare da ƙamshinsu ya gudu ba.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mu a gida da daji.